Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin MOPPAN Da Iyayen Gidanmu Na Kannywood, A Kan Makomar Yaran Situdiyo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta kamaci yaro ga iyayen gidansa, ina rubuto wannan wasiƙa zuwa ga shugabannin Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Shirya Fina-finai, wato MOPPAN, reshen Jihar Kano, da sauran dattawan da suka riga mu shiga wannan sana'a. Ni mai ƙaramin situdiyo ne a cikin birnin Kano, shago ɗaya mai kwamfuta biyu da kamara biyu da yara uku, inda muke ɗaukar biki da suna da walimar saukar karatu, muna shirya wa 'yan kasuwa gajerun tallace-tallace, wani lokaci kuma mu tace fim mai dogon zango idan wani furodusa ya kawo mana. Ban taɓa fitowa a fim ba, kuma ba a san sunana a wajen bukukuwan karrama jarumai ba, amma shekara goma sha ɗaya ke nan da wannan sana'a nake ciyar da iyalina. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a ne domin ba ni kaɗai ta shafa ba. Ta shafi duk wani matashi da ke zaune a wani ɗan ɗaki a Zoo Road ko a wata unguwa, ya sa abin ji a kunne yana tace aikin wani, bai san ranar da zai tsaya da ƙafafunsa ba.

Kun fi ni sanin yadda aka faro. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a shekarar 1990, babu wani banki da ya ba da rance, babu ma'aikatar da ta ware kasafi. 'Yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne da suka san juna, suka yarda da juna, wannan ya kawo kamara, wancan ya ba da aron gidansa, aka yi aiki. Ko sunan Kannywood ɗin ma sai a 1999 ya bayyana a mujallar Tauraruwa, bayan da sana'ar ta riga ta kafu da gumin mutanenta. Abu biyu ne suka riƙe ta tun daga wancan lokaci: wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba, sannan kuma zumunci ya tsaya a madadin jari. Har yau ɗin nan a kan waɗannan abubuwa biyu ƙaramin situdiyo yake rayuwa, kuma dukkansu biyun suna bukatar gyara, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kasuwar da ta raini na gaba da mu ta riga ta tafi. A da, mutum zai gama fim ya kai wa dillalai a Ƙofar Wambai ko Bata, a buga kaset, daga baya faifan CD, kuɗi su dawo ya shiga wani aikin. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka cinye wannan hanya, sannan tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, suka buɗe wata ƙofar, daga bisani kowa ya koma YouTube. Sai dai wannan sabuwar kasuwa ba ta da sauƙin da matasa suke zato. Kafin a fara saka talla a tashar mutum har ya samu rabonsa, sai ya tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo a cikin wata goma sha biyu, kuma ko ya tara, abin da ake biya a kan mai kallo daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi bai kama ƙafar abin da ake biya a kan mai kallo daga Amurka ko Ingila ba, saboda masu talla a can sun fi zuba kuɗi. Ma'anar wannan ita ce ƙaramin mai situdiyo ba zai rayu da jiran kuɗin intanet kaɗai ba. Dole ya iya aikinsa har mutane su riƙa nemansa da ƙafafunsu, dole kuma ya san mutanen da za su kira shi.

Bari in faɗa muku yadda ni na koya, domin a nan ne damuwata ta samo asali. Na shiga hannun ubangidana ina ɗan shekara goma sha tara. Wata shida na farko ban taɓa kamara ba. Aikina ɗaukar jaka, cajin batir, naɗe waya, da riƙe faifan da ake maido da hasken rana a fuskar jarumi har hannuna ya riƙa rawa. Wata rana muna lokeshan a wani gida a bayan gari, ana shirin ɗaukar wata fitowa ta uwa da ɗiyarta, sai ya cire abin jin sauti daga kunnensa ya ɗora mini, ya ce in rufe ido in gaya masa abin da nake ji. Na ce ina jin maganar jaruman. Ya ce in ƙara saurara. Can sai na ji ƙarar janaretan maƙwabta, da kukan wani ɗan akuya a bayan katanga, da kaɗawar fankar sama da muka manta ba mu kashe ba. Ya ce mini mai kallo zai yafe wa hoto mai ɗan duhu, amma ba zai zauna da sautin da ke cizon kunnensa ba. Wannan darasi bai kai minti biyar ba, amma da shi nake cin abinci har yanzu, kuma duk lokacin da na shiga wajen kamu ko dina, abin da nake fara nema shi ne inda aka ajiye janareta, kafin ma in duba inda amarya za ta zauna. Allah Ya saka wa wannan bawan Allah da alheri.

To amma irin wannan minti biyar ɗin sai da na yi shekara shida ina tsintar su ɗaya bayan ɗaya, domin babu wani tsari da ya ce ga abin da za a koya wa yaro a shekarar farko, ga na shekara ta biyu, ga kuma ranar da za a sallame shi. Ni na yi sa'ar ubangida mai tsoron Allah. Da yawa daga cikin sa'o'ina ba su yi wannan sa'a ba: wani ya yi shekara takwas yana riƙe fitila, an hana shi zama kusa da kwamfutar tace hoto don kada ya iya ya gudu, wani kuma da ya ga babu ranar fita, sai ya fice da rigima, ya tafi da kwastomomin ubangidansa, aka ɓata har abada. A duk irin wannan rabuwa, hasarar ba ta tsaya a kan mutum biyu ba, domin yaron ya fita da rabin ilimi, ya je ya buɗe shago yana karya farashi da aiki marar kyau, mutane kuma su yi wa duk masu kamara kuɗin goro.

Abin mamaki shi ne ba sai mun je wata ƙasa neman maganin wannan ba. A Kantin Kwari da kasuwar Singa kowa ya san cewa yaron shago yana da ranar sallama: ya yi wa ubangidansa hidima na wasu shekaru, ya san kaya, ya san mutane, sannan a kira shaidu a ba shi jari ko a buɗe masa rumfa, kuma ya ci gaba da saro kaya a wajen ubangidan nasa. Kanikawa da teloli suna yaye yaransu da walima da addu'a. Marinar Ƙofar Mata ta yi ɗaruruwan shekaru tana miƙa sana'a daga hannu zuwa hannu. A duk waɗannan wurare sallama ba ta raba yaro da ubangida, ƙara ɗaure su take yi, saboda yaron da aka sallama da albarka reshe ne na gidan, duk inda ya samu ciniki da ya fi ƙarfinsa gida zai kawo. Ina roƙonku, iyayen gidanmu, ku zauna ku fitar mana da irin wannan tsari a rubuce: yaro ya shiga da sanin iyayensa, a ƙayyade shekarun da zai yi, biyu ne ko uku, a lissafa abubuwan da wajibi ne a nuna masa na kamara da haske da sauti da tacewa, a ajiye masa ɗan abin da zai riƙa samu a kowane aiki, sannan idan wa'adi ya cika ƙungiya ta gwada shi ta ba shi takardar shaida a gaban jama'a. Ba na cewa a tilasta wa kowane ubangida ya saya wa yaro kamara, domin da yawa ba su da hali, amma ko aron kayan aiki na wata shida da tura masa ƙananan ayyuka ya isa ya zama jari.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na faɗa cikin abin da nake kuka da shi. Yaron da na fara ɗauka yana da kaifin ido fiye da ni, kuma da na lura da haka sai tsoro ya kama ni, na riƙa tura shi aike duk lokacin da zan gyara launin hoto. Wata rana na dawo daga sallar la'asar na tarar da shi ya buɗe wani bidiyon koyarwa na Turanci a wayarsa, ba ya jin rabin abin da ake faɗa, yana tsayar da shi yana kwaikwayon inda mai koyarwar ya danna. Kunya ta kama ni matuƙa. Tun daga ranar na jawo masa kujera kusa da tawa. Yau yana da nasa shagon a wata unguwa, kuma duk babban bikin da ya fi ƙarfin kamarorina biyu shi nake kira, shi ma haka, mu raba abin da aka samu. Da na ci gaba da ɓoye masa, da yanzu abokin gaba nake da shi a maimakon abokin aiki. Na kawo wannan ne don ku san cewa rowar ilimi a cikinmu ba mugunta ce kawai take kawo ta ba, tsoron talauci ne, kuma tsari ne kaɗai zai kwantar wa ubangida da hankali cewa koyarwa ba za ta zame masa hasara ba.

Akwai kuma ilimin da ubangida ba zai iya bayarwa ba saboda shi ma ba shi da shi. Yawancinmu mun iya riƙe kamara amma ba mu iya lissafi ba. Mai situdiyo zai karɓi aikin biki, ya cire kuɗin mota da abincin yara, ya ɗauka sauran riba ce, ya manta cewa kamarar tana tsufa, batir yana mutuwa, kuma ranar da za a sauya su da farashin dala za a saya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, kuɗin kunna janareta da na sayen ko da katin ajiyar hoto sun ninka, amma da yawa daga cikinmu sun daɗe suna karɓar tsohon farashi saboda ba su san yadda za su lissafa sabo ba. Muna da Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa a Jos, a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, muna kuma da malamai a tsangayar sadarwa ta Jami'ar Bayero a nan cikin gida. Yaron da ke ciyar da mahaifiyarsa da kuɗin ɗaukar biki ba zai iya barin shago ya tafi karatun shekaru ba, kuma sau da yawa ba shi da takardun shiga. Amma idan ƙungiya ta nemi waɗannan malamai su riƙa zuwa ana yin bita ta kwana uku ko huɗu, da Hausa, da kayan aiki a hannu ba jawabi a kan mumbari ba, a haɗa da mai koyar da ajiye littafin shiga da fita da yadda ake yi wa sunan kasuwanci rajista a hukumar CAC, na tabbata za mu biya kuɗin shiga da kanmu. Ku ne kuke da girman da za ku buga waɗannan ƙofofi a buɗe muku. Mu idan muka je, a bakin ƙofa za a tsayar da mu.

Sai maganar zumunci, wadda ta fi kowacce yi mini nauyi. Muna alfahari da cewa a sana'armu da baki ake ƙulla aiki, kuma lallai akwai kyau a cikin hakan, sai dai ƙarami ne kullum yake ɗaukar asarar idan magana ta sauya. Shekaru uku da suka wuce wani furodusa da nake ganin girmansa ya kawo mini fim mai dogon zango in tace masa kashi goma sha uku. Muka yi ciniki a tsaye a bakin shago, ya ba ni kafin alƙalami, ya ce sauran idan aikin ya fara fita. Na yi wata biyu ina kwana a shago, na ƙona man da ban lissafa ba, na ƙi karɓar bukukuwa biyu. Aikin ya fita, aka kalla, amma har yau ragowar kuɗina ba su fito ba, kuma da na je neman hakkina sai aka ce mini ai ba haka aka yi da ni ba. Ba ni da takarda, ba ni da shaida, kuma duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in yi haƙuri kada in ɓata da manya. Na yi haƙurin, amma ɗaya daga cikin yarana ya bar aiki a lokacin saboda na kasa biyansa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke ɗaukar neman a rubuta yarjejeniya a matsayin rashin yarda ko rashin kunya, alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma ba ta amince da miƙa haƙƙin mallakar aiki ga wani ba sai a rubuce, wanda ke nufin marubucin labari da mawaƙi da furodusan da suka yi ciniki da baki duk suna tsaye ne a kan ƙasa mai zamewa. Yaro ba zai iya zaro takarda ya miƙa wa wanda ya haife shi a sana'a ba. Amma idan ƙungiya ce ta buga takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, ta ce daga yau kowane ɗan ƙungiya da ita zai ba da aiki ko ya karɓa, an rubuta kuɗi da ranar biya da sau nawa za a dawo da aiki gyara, to nauyin ya sauka daga kan yaro, babu wanda zai ce an raina shi. A haɗa da wani ɗan kwamitin dattawa da ƙarami zai iya kai ƙara ba tare da tsoron a daina ba shi aiki ba. Rubutu ba ya kashe zumunci. Bashin da aka musanta shi ne yake kashe shi, kuma na ga abokai da yawa da suka daina gaisawa a kan kuɗin da takarda ɗaya za ta warware.

Ina kuma so ku taimaka mana mu ɗaga kai mu dubi waje da fim. Babban cinikin da ya tsayar da shagona bai fito daga lokeshan ba. Wata baiwar Allah ce mai ɗinki da sayar da atamfa daga cikin gidanta ta nemi in ɗaukar mata bidiyon kayanta na minti ɗaya don ta saka a Instagram da WhatsApp. Na je na ɗauka, da na dawo sai katin ya ƙi buɗewa, aikin yini guda ya tafi. Na kira ta na gaya mata gaskiya, na koma washegari na sake ɗauka ban karɓi ko sisi a kai ba. Wannan gaskiyar ce ta sa ta haɗa ni da ƙawayenta masu turaren wuta da kayan kicin da abincin sayarwa, har ta kai yanzu babu makon da ba na yin irin wannan aiki. Kano cike take da 'yan kasuwa da makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin agaji da ke bukatar a ɗaukar musu bidiyo da Hausa mai kyau, kuma da dama daga cikinsu ba su san inda za su samu wanda za su amince wa ba. Da ƙungiya za ta ajiye rajistar ƙananan situdiyo da ta tantance, da irin aikin da kowanne ya ƙware a kai, ta kuma zauna da shugabannin kasuwanni ta gabatar da mu, da an buɗe mana hanyar abinci da ba ta dogara da fitowar wani fim ba. A nan ne kuma ake matuƙar bukatar 'yan'uwanmu mata a bayan kamara, domin akwai wuraren biki da cikin gidaje da namiji ba zai shiga ba, kuma iyaye ba za su saki 'ya'yansu mata su koyi wannan aiki ba sai sun ga wuri mai tsari da sunan ƙungiya a kansa.

Na san an daɗe ana sa rai da manyan ayyuka daga gwamnati. Mun ga yadda shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji ya taso a 2016 ya kuma mutu bayan ce-ce-ku-ce, mun kuma ga an kafa ma'aikatar tarayya mai kula da al'adu da tattalin arzikin fasaha a 2023. Ina fatan alheri ya fito daga can, kuma ku ci gaba da nema mana. Sai dai duk abin da na roƙa a wannan wasiƙa ba ya jiran sa hannun minista ko gwamna, kuma ba ya cin kuɗin da ya fi ƙarfin ƙungiya. Ko maganar tsadar kayan aiki, mu biyar a unguwarmu mun fara adashi, mun sayi fitilu da makirfo mai kyau muna karɓa bi da bi, da littafin da kowa yake sa hannu idan ya ɗauka ya kuma dawo da su. Abin da mutum biyar suka iya, ƙungiya za ta iya ninkinsa.

Idan kun ga dacewar wannan magana, ina roƙon ku sanya rana ku kira masu ƙananan situdiyo da yaransu, ba furodusoshi da jarumai kaɗai ba, ku saurare mu kafin a rubuta komai, domin yaran sun fi kowa sanin inda tsarin yanzu yake yi musu ciwo. Ni a nawa ɓangaren na riga na rubuta wa yarana uku takardar wa'adi da sanin iyayensu, babbansu zai cika nasa bayan babbar salla mai zuwa, kuma zan so a ce ɗaya daga cikinku ne ya zo ya miƙa masa takardar sallamarsa ya sa masa albarka. Zan kawo kwafin takardar ofishin ƙungiya domin ku duba, ku gyara abin da ya kamata a gyara.

Allah Ya ƙara muku lafiya da girma, Ya yi muku jagora a shugabancin da aka ɗora muku.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin ladabi,
Ɗaya daga cikin yaranku, mai ƙaramin situdiyo a birnin Kano.